Yadda za ka karanta tsohon farashin aksiyon na kamfanin haƙa kafin ka sa kuɗɗinka

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun da aka fara loda ɗanyen man Agadem a jirgin ruwa a Seme ta ƙasar Benin cikin 2024, maganar kamfanonin haƙa ta shigo fadojinmu nan Tawa, kuma yaranmu da ke bida a Abijan ko Faransa suna ta turo hoton wani layi da ya hau sama ya gangaro, suna cewa ga aksiyon, wato hannun jari, ta faɗi ƙasa warwas, a saya yanzu kafin ta koma inda take da. Wanga zance na "ta koma inda take da" shi ne ya sa na zauna rubutun ga, dan na san gumin da ake yi kafin a tara jikka ɗari, kuma ban son ya tafi a banza saboda an karanta tebur ba daidai ba.

Da farko sai mu gane wa muke magana a kanshi. Kamfanin haƙa ba shi ne mai man ba, ba shi ne mai zinariya ko uraniyom ba. Shi injin gare shi da ma'aikata, mai rijiya ya kira shi ya biya shi, ko dai kuɗɗin yini ko kuɗɗin kowane mita da ya gina, daidai yadda masu foraj na ruwa ke aiki a garuruwanmu na Adar. In masu rijiya suna da kuɗɗi suna rububin injin, farashin haya ya hau. In kuɗɗinsu ya ragu abin farko da suke yankewa shi ne sabuwar haƙa, injin ya zauna yana tsatsa amma bashin da aka saye shi da shi bai zauna ba, yana nan yana tafiya. Duk hawa da gangarar da za ka gani cikin tsohon farashi daga nan take fitowa.

Kuma iri-iri ne. Akwai masu haƙar mai cikin teku kamar Transocean, Valaris, Noble da Seadrill. Akwai na tudu kamar Nabors da Helmerich & Payne a Amurka da Precision Drilling a Kanada. Akwai masu haƙar binciken ma'adinai, irin Major Drilling na Kanada, Geodrill da ya ginu a Gana, da Foraco na Faransa wanda ya daɗe yana aiki a Afirka ta Yamma har da nan Nijar. Shi kuwa Great Wall Drilling da ke aiki a Agadem reshe ne na CNPC ta Sin, ba shi da aksiyon tashi ta kanshi da za ka saya, in wani ya ce zai saida maka ita ka kama kanka.

To ina ake samun teburin? Kowane kamfani yana da gajeren suna na kasuwa, shi za ka nema ba cikakken suna ba. Transocean RIG ne, Nabors NBR, Helmerich & Payne HP, Valaris VAL, duka a kasuwar New York. Foraco FAR ne, Geodrill GEO, Major Drilling MDI, su a kasuwar Toronto suke. Ka buɗe Yahoo Finance ko Investing.com ko Boursorama a portabul ɗinka, ka rubuta gajeren sunan, ka duba da kyau sunan kamfani da sunan kasuwa sun yi daidai dan ana samun haruffa iri ɗaya ga kamfanoni daban a ƙasashe daban, sannan ka shiga wurin da aka rubuta Données historiques. Akwai wurin zaɓen lokaci, kar ka bar shi a shekara ɗaya yadda ya zo, ja shi baya har 2007 ko iyakar inda ya kai. Akwai kuma wurin zaɓen kullum ko kowane sati ko kowane wata. Ni shawarata ka fara da wata-wata, bai cin mega da yawa kuma idonka zai ga babbar tafiya maimakon ƙananan motsi na kullum da ba su gaya maka komai.

Mai ordinater kuma da ya iya Google Sheets akwai wata dabara da ake kira GOOGLEFINANCE da ke jawo farashin shekaru cikin tebur kai tsaye, ta fi sauƙi in za ka yi lissafi.

Teburin yana da layuka a tsaye. Ouverture farashin da aka buɗe kasuwa da shi, Plus haut da Plus bas iyakar hawa da iyakar sauka na ranar ko watan, Clôture farashin da aka rufe da shi, sai Cours ajusté wato farashin da aka gyara, sai Volume yawan aksiyon da suka canza hannu. Kafin ka karanta ko lamba ɗaya ka duba da wane kuɗɗi aka rubuta. New York dolar Amurka ce, Toronto dolar Kanada ce wadda ba ta kai ta Amurka ba, London kuwa yawanci da peni suke rubutawa, peni 100 ke yin fam ɗaya, sai ka ga 90 ka ɗauka fam 90 ne alhali ko fam ɗaya bai cika ba. Ka lura da waƙafi kuma, mu da muka yi lakwal da faransanci 1,500 ɗaya da rabi ne a idonmu, a shafin da ke da ingilishi kuwa dubu ɗaya da ɗari biyar ne.

Yanzu ga wurin da na fi son ku tsaya, maganar gyaran farashi. Kamfani yana iya raba aksiyon ɗaya ta zama biyu ko uku in ta yi tsada, kuma yana iya haɗe da yawa su zama ɗaya in ta faɗi sosai, dan kasuwar New York ba ta barin aksiyon ta daɗe ƙasa da dolar 1. Kamfanonin haƙa sun yi wagga haɗewa da yawa. Ensco, wanda daga baya ya zama Valaris, ya haɗe 4 zuwa 1 a Afrilun 2019 lokacin da ya haɗu da kamfanin Rowan, Precision Drilling ya haɗe 20 zuwa 1 a ƙarshen 2020, Nabors kuwa a Afrilun 2020 ya haɗe 50 suka zama 1. Mi wanga ke yi ma tebur? Shafukan intanet suna komawa baya su ninka duk tsohon farashi dan layin ya tafi daidai, shi ya sa in ka duba Nabors a tsakiyar 2014 za ka ga lamba wajen dolar 1,500 alhali a lokacin ana saida ta kusan dolar 30 ne, ba wanda ya taɓa biyan dubu da ɗari biyar a kan guda ɗaya. Kuma in ka faɗa kan wani tebur da ba a gyara ba, za ka ga cikin dare ɗaya aksiyon ta tashi daga ƙasa da dolar 1 zuwa sama da dolar 10 ka ce kai wanga riba, alhali mai 5,000 ya wayi gari da 100 ne kawai, dukiyarshi ba ta ƙaru da ko tamma ba. Dan haka duk inda ka ga tsalle mai ban mamaki ko tsohon farashi da ya yi girma fiye da hankali, nemi layin da ke cewa Fractionnement ko Regroupement, ko ka shiga shafin kamfanin kanshi ɓangaren masu saka jari, suna jera ranakun.

Gyara na biyu na rabon riba ne, wanda ake cema dividan. A Yahoo layin Clôture an gyara shi dan rabawa da haɗewa kawai, shi kuma Cours ajusté an ƙara cire ribar da aka raba ma masu aksiyon tsawon shekaru, shi ya sa tsohuwar lambarshi ke fin ta Clôture ƙanƙanta. Wanga yana da muhimmanci ga kamfani irin Helmerich & Payne da ya yi shekaru da yawa yana raba riba, yana ba da dolar 0.71 ga kowace aksiyon duk wata uku kafin ya rage zuwa 0.25 a 2020. In kana son sanin abin da mutum ya samu gaba ɗaya daga wata shekara zuwa wata, yi aiki da Cours ajusté. In kuwa kana son sanin nawa aksiyon take a wata rana takamaimai, misali ranar da mai ita ya rasu ana rabon gado, ko ranar da shekarar zakka ta cika, to Clôture za ka ɗauka, kuma in an yi haɗewa ko rabawa bayan ranar sai ka maida lambar yadda take da. In ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi ba za ka gan ta a tebur ba dan kasuwa a rufe take, ɗauki ta Juma'ar da ta gabata.

Lissafin kanshi ba wuya. Sabon farashi ka cire tsoho, ka raba da tsohon, ka ninka da 100. Amma mu sefa muke ci, dan haka sai ka ƙara mataki ɗaya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ga yuro ɗaya tun 1999, amma da dolar tana yawo, a tsakiyar 2008 dolar ta sauko wajen sefa 410, a Satumban 2022 ta haura wajen 680. Ɗauki misali ka sayi aksiyon dolar 10 lokacin da dolar take 680, ka biya 6,800 kenan, ka saida dolar 11 lokacin da ta koma 580, ka samu 6,380. Tebur ya ce ka ci kashi 10 cikin ɗari, aljihunka ya ce ka yi asara, kuma ba a ma sa kuɗɗin dillali da na turawa ba.

To mu koma kan "ta faɗi, a saya". Mu nan mun saba da albasar Galmi, lokacin girbi tana araha, mai rumbu ya aje, watanni su wuce ta yi tsada, kowace shekara kusan haka, shi ya sa hankalinmu ke ɗaukar duk abin da ya faɗi zai tashi. Aksiyon ba haka take ba kuma tarihin Transocean ya isa shaida. A 2008 lokacin da gangar mai ta kai dolar 147, aksiyon ɗin ta kai wajen dolar 160. Ranar 20 ga Afrilun 2010 injinsu na cikin teku mai suna Deepwater Horizon da kamfanin mai na BP ya ɗauka haya ya fashe a tekun Meziko, mutum 11 suka rasu, aksiyon da take wajen dolar 90 ta rasa kusan rabinta cikin wata biyu. Daga Yunin 2014 mai ya fara gangara daga wajen dolar 115 har ya sauka ƙasa da 30 a Janairun 2016. A ƙarshen 2014 aksiyon ɗin tana ƙasa da dolar 20, kuma wallahi duk wanda ya dubi tebur a ranar zai ce daga 160 zuwa 18 ai ba sauran inda za ta je. A 2015 kamfanin ya daina raba riba, a 2020 kuma ta faɗi ƙasa da dolar 1. Wanda ya saya a 18 yana ganin ya samu banza ya rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari, kusan daidai da asarar da wanda ya saya a 160 ya riga ya yi kafin shi. Abin da ya faɗi kashi 90 yana iya sake faɗuwa kashi 90, kuma kafin ya koma inda ya taso daga faɗuwa ɗaya kawai sai ya ninka sau 10.

Akwai kuma abin da teburin farashi bai nuna maka sam, wato yawan aksiyon da ke hannun mutane. Transocean yana da wajen miliyon 320 a 2008, amma bayan ya sayi kamfanonin Songa Offshore da Ocean Rig a 2018 ya biya wani ɓangare da sababbin aksiyon, ya kuma ci gaba da buga wasu dan samun kuɗɗi, a ƙarshen 2023 sun wuce miliyon 800. Kenan ko da kamfanin zai koma darajarshi ta 2008 gaba ɗaya, rabon kowace aksiyon ba zai kai rabin na da ba. Wanga lamba tana cikin rahoton shekara na kamfani, shafin farko-farko, ka neme ta ta shekara biyar ko goma ka rubuta kusa da farashi.

Wani tarko kuma shi ne tebur mai kyau amma gajere. In ka buɗe Valaris za ka ga tarihin ya fara ne a Mayun 2021, kuma daga nan layin ya yi hawa mai daɗin gani. Dalili shi ne kamfanin ya shiga kotun karyewar jari a Agustan 2020, aka soke tsofaffin aksiyon, masu bin shi bashi suka zama sababbin masu shi, tsofaffin masu aksiyon ba su tashi da komai ba sai wasu takardu na damar saye nan gaba. Diamond Offshore da Noble su ma a 2020 suka shiga kotu, Seadrill kuwa sau biyu, 2017 da 2021. Suna ɗaya, injuna ɗaya, amma dukiyar mutanen farko ta tafi. Duk lokacin da ka ga kamfani tsoho da tebur yaro, tambayi mi ya faru kafin ranar farko.

Idan ka tsabtace teburin daga waɗannan, sai ka sa shi aiki. Ni abu uku nake nema. Na farko faɗuwa mafi girma, wato daga ƙololuwa zuwa ƙasa kashi nawa ne kuma wata nawa ta ɗauka, sannan in tambayi kaina tsakani da Allah in kuɗɗina suka yi haka zan iya barci, zan iya biyan kuɗɗin lakwal na yara ba tare da na saida da asara ba. Na biyu in jera shi kusa da farashin abin da ake haƙowa. Kamfanin mai ka jera shi da Brent, wato farashin ɗanyen mai da kasuwar duniya ke bi, kuma ka duba ƙidayar injunan da ke aiki da kamfanin Baker Hughes ke fitarwa kowane sati, a Amurka sun wuce 1,900 a ƙarshen 2014, suka sauko 404 a Mayun 2016, suka sake sauka 244 a Agustan 2020 bayan korona, shekarar da farashin man Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri ranar 20 ga Afrilu. Kamfanin ma'adinai kuma ka jera shi da zinariya da jan ƙarfe da uraniyom. Mu a Nijar mun ga wanga da idonmu, uraniyom ya kai wajen dolar 136 a 2007 kowa na rububin lasisin bincike a arewa, bayan haɗarin Fukushima na Maris 2011 kasuwa ta mutu, aka dakatar da aikin Imuraren a 2014, Cominak ta rufe a 2021, kuma duk mai injin da ya dogara da wannan aiki sai da ya ji a jikinshi. Abin lura nan shi ne aksiyon tana riga labari gudu, tana faɗuwa tun kamfani yana cikin cin tsofaffin kwantiragi masu tsada yana nuna riba, dan masu kasuwa sun hango babu sabbi a bayansu. Hayar babban injin teku ta haura dolar 600,000 a yini kafin 2014, bayan nan ta sauko ƙasa da 200,000, amma rahoton riba bai nuna ba sai da tsofaffin kwantiragin suka ƙare.

Na uku in kwatanta shi da ƴan'uwanshi a lokaci ɗaya. In duka sun faɗi tare, kasuwa ce. In shi kaɗai ya faɗi ko ya fi kowa faɗuwa, to matsala tana cikin gida, kuma yawanci bashi ne.

Kar ka manta da Volume, musamman ga ƙananan kamfanoni irin Foraco da Geodrill. In aksiyon kaɗan ake saye da saidawa a yini, farashin da ke tebur na ɗan cinikin ƙarshe ne kawai, ranar da kake son fita da gaggawa kana iya rasa mai saye a wannan farashi.

Maganar saye kuma, kasuwarmu ta yanki ita ce BRVM da ke Abijan, tana aiki tun 1998 ga ƙasashe 8 na UEMOA, Bank of Africa Niger tana ciki, kuma ana shiga ne ta hannun dillalai masu lasisi da ake cema SGI, akwai a Yamai. Amma kamfanonin haƙan da na lissafa ba ɗaya a BRVM, suna New York da Toronto da makamantansu, kuma fitar da kuɗɗi waje dan saka jari yana da doka a yankinmu, sai ka je bankinka ka tambayi takardun da ake bukata kafin ka tura ko dala ɗaya. Wanda ya same ka a WhatsApp ko Telegram ya turo maka hoton layi ya ce ka yi mishi transfer zai saya maka, ko ya yi alkawarin riba kaza kowane wata, ka bar shi, mai tarihi irin wanda muka gani sama ba ya ba kowa riba tabbatatta. Akwai kuma manhajojin da ke nuna maka sunan RIG ko NBR amma ba aksiyon suke saida maka ba, wani abu ne da ake cema CFD, caca ce kan hawa da sauka kuma yawanci da kuɗɗin aro, ba ka mallaki komai cikin kamfani ba.

Ga masu tambayar halacci, aikin haƙa kanshi ba inda aka ce haramun ne, matsalar tana ga bashin ruwa da kamfanonin ga ke ɗauka. Ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Baharen, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗɗi ta Musulunci, ya ce kada bashin ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani a kasuwa, darajar kuwa farashin aksiyon ne a ninka da yawansu, kenan kamfanin da bashinshi bai wuce ma'auni ba lokacin da farashi ke sama yana iya wuce shi in farashi ya sauka ko da bai ƙara cin bashi ba. Ka ɗauki jimlar bashin daga rahoton ƙarshe, ka ɗauki Clôture na ƙarshen kowane wata na shekara biyu ko uku da suka wuce ka fitar da matsakaici, ka ninka da yawan aksiyon, ka raba bashin da abin da ya fito, sai ka kai ma malamin da ya san fiƙihun ciniki lambar a rubuce ya duba maka.